Katakon Gefen Murhu

Shekara talatin da ɗaya Delphine Upshall ta yi tana hana mutane abin da suke so. Aikinta a gidan adana takardun tarihi na birnin St. John's, a ƙasar Kanada, shi ne duba lafiyar takarda. A kawo mata taswirar da ruwa ya taɓa, ko littafin coci da ƙwari suka huda, ko takardar auren kakan kakan wani, ta shimfiɗa a teburi, ta auna tsawo da faɗi, ta haska fitila daga gefe, ta sunsuna, sannan ta cika fom: irin takardar, irin tawadar, inda ya yage, inda ya yi tabo, da abin da ya kamata a yi. A wannan layi na ƙarshe ta yi suna. Sau tari abin da take rubutawa bai wuce kalma huɗu ba: "A bar shi haka."

Mutane kuwa ba sa ɗauko abu tun daga ƙauye don a ce musu a bar shi haka. So suke a wanke, a goge, ya dawo fari tas. Kafin ma su iso wurinta sun riga sun yi nasu aikin: wannan ya liƙe yagewa da salatef, waccan ta bi wasiƙar mijinta da dutsen guga, wani ya rataye hoton da aka zana da alƙalami a inda rana take dukansa shekara ashirin saboda yana son ya riƙa ganinsa. Delphine ta daɗe da yanke hukunci cewa gobara da ɓera ba su kai mai ƙauna ɓarna ba. Dokarta ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban teburinta ya ji ta: ba a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba.

Ranar wata Litinin a watan Satumba na 1996 ta ji ana kiranta daga bakin ƙofa da sunan da ba wanda ya san ta da shi a wurin aiki.

"Ke Auta! Zo ki karɓe ni, kafaɗata za ta cire."

Yayarta ce, Effie, da ta girme ta da shekara takwas. Ciwon sukari ya fara cin idonta, amma bai taɓa bakinta ba. Tana rungume da wani abu mai faɗi da aka naɗe da tsohon bargo.

"Yaya, me ya fito da ke ba ko waya? Kuma wa ya bar ki kika shigo da kaya har nan?"

"Mai gadin naku? Ai na san uwarsa, tare muka yi shanyar kifi. Matsa min wannan tarkacen."

"Wannan tarkacen ya fi ki shekara ɗari biyu."

"To ya huta haka nan, ya ba yara wuri."

Delphine ta kwashe taswirar da take dubawa, Effie ta sauke kayanta ta buɗe bargon. Katako ne, allo biyu a haɗe, an yanko su da zarto, tsawonsu bai kai kamu biyu ba. Fuskarsu a lulluɓe take da takardar bango mai ƙananan furanni da suka koɗe. Kafin Delphine ta gane furannin, hancinta ya riga ya gane warin: hayaƙin itace, gishiri da danshi. Ta nemi kujera ta zauna.

"Gefen murhu," in ji Effie. "Jiya na sa aka kai ni tsibirin a kwalekwale. Rufin gidan ya faɗa ciki, Auta. Sanyi ɗaya ya rage masa. Na ce a yanko min nan."

A tsibirin Sibley aka haife su. Shekarar 1967 aka kwashe mutanen tsibirai aka dawo da su bakin titi. Wasu sun ɗaure wa gidajensu durom sun jawo su a kan teku, amma nasu ya tsufa da yawa, sai aka rufe ƙofa aka bar shi. A can, in sanyi ya wuce, mata sukan dama talgen fulawa su liƙe bangon ɗakin girki da sabuwar takarda a kan tsohuwar, don toshe iska da rufe baƙin hayaƙi. Wadda ta samu mai furanni ta sa, wadda ba ta samu ba ta sa jarida. Ba a ɓare ta ƙasa, ɗorawa ake yi. Kuma kowa a gidansu ya san abin da ke can ƙarƙashin duka, a gefen murhu: wasiƙar ƙarshe da mahaifinsu Ambrose ya aiko daga kamun kifi a Labrador, a shekarar 1938, wata guda kafin jirginsu ya nutse a hanyar dawowa. Lokacin Delphine tana ciki.

Ba ta da hotonsa. Ba shi da kabari. Abin da ta gada daga gare shi jimla ɗaya ce, wadda Effie ta karanta wa Innarsu tana 'yar shekara takwas, da yake Inna ba ta iya karatu ba: "In mace aka haifa, a sa mata Delphine." A kan wannan jimlar ta girma. In yara sun yi mata gorin rashin uba, ita take tunawa. Ta yi karatu, ta ƙi aure sau biyu, ta taɓa rubutun hannun gwamnoni da limaman coci da 'yan fashin teku, amma ba ta taɓa ganin yadda ubanta yake rubuta ko da harafi ɗaya ba. Tana son ganin wannan rubutun, so irin wanda mutum ba ya faɗa wa kowa saboda ya yi girma da shi.

Ta wanke hannu, ta jawo fitila. A kusurwar ƙasa ɓeraye sun ci takardun har sun kai ga wasiƙar, kuma a nan ta ga wani tabo shunayya, sabo, ya bazu kamar faɗin babban yatsa.

"Yaya. Me kika yi masa?"

"Me na yi? Kashin ɓera ne a jiki, na ɗan goge da tsumma."

"Jiƙaƙƙe?"

"To da busasshe ake goge kashi?"

Delphine ta rufe ido. Shekara talatin tana yi wa baƙi faɗa a kan wannan, ga shi ya biyo ta har gida. Amma tabon ya gaya mata abin da da sai ta yi kwanaki kafin ta sani. Ba da tawada aka rubuta wasiƙar ba. Da fensirin nan na masunta ne, wanda ake lasar bakinsa kafin a rubuta. A bushe toka-toka yake, in ya ji yawu sai ya koma shunayya ya kama takarda. Tana tuna tsofaffin tsibirin da leɓɓansu shunayya ranar da jirgin wasiƙu zai zo. Fensirin ba ya gogewa, amma in ya sha ruwa da yawa sai ya narke ya bi takarda. Talgen fulawa kuma ba abin da yake sakinsa sai ruwa.

Ta yi wa Effie bayani. Effie ta saurara da kai a karkace.

"Wato dai ba za ki iya ba."

"Ban ce ba zan iya ba. Cewa na yi sai na duba."

"Duba, duba. Ke tun kina yarinya sai kin zagaya kwano sau uku kafin ki sa cokali."

Delphine ta je ta rubuta takardar neman izini kamar kowane baƙo, aka ba katakon lamba, ta ɗauko sabon fom. A gurbin mai kaya ta rubuta sunan Effie. Sannan ta ɗauki tsinke mai auduga, ta ɗan jiƙa, ta taɓa gefen wurin da ya riga ya lalace, idonta a kan agogo. Daƙiƙa goma sha ɗaya, shunayyar ta fara tafiya. Ta rubuta wannan ma.

Effie ta tare a gidanta, wai sai ta ga abin da zai ture wa buzu naɗi a aikin, ta kama ɗakin girki tana gasa burodi tana kushe tukwanen ƙanwarta. Delphine kuwa kullum da ta gama aikin mutane da rana sai ta koma kan katakon. A bushe take bi, da siririyar wuƙar ƙashi, tana zura ta tsakanin takarda da takarda. Tsohon talge ya yi rauni, in aka lallaɓa shi yana saki. Wani lokaci zura ɗaya takan ɗaga faɗin tafin hannu, wani lokaci rabin haka. Ta ƙirga shimfiɗa goma sha ɗaya a bakin yankan zarton, kuma ta ƙudurta za ta cire kowacce a ɗunkule, ba za ta yaga ko ɗaya ba.

Ta sama mai furanni ce, wadda ita kanta ta riƙe wa Inna kwanon talge ranar da aka liƙa ta. Ƙarƙashinta mai zanen ganye. Sai wata shuɗiya da ta tuna tana zaune a gabanta da zazzaɓin ƙyanda. Daga nan jaridu suka fara: tallar keken ɗinki, hoton jirgin yaƙi, sunayen waɗanda suka mutu. Tana ɓarewa tana komawa baya, shekarunta suna raguwa.

A shimfiɗa ta uku ta lura da wani abu. Akwai tabon maiƙo a tsakiya, ba mai duhu sosai ba. Ta koma ta duba ta biyu da ta ɗaya, yana nan a wuri guda. Ta huɗu ma haka. Da ta kwantar da fitila daga gefe sai siffarsa ta fito: tafin hannu da yatsu huɗu. Nan ta tuna Inna tsaye tana juya tukunya da hannun dama, na hagu a dafe da bango. Ita da ta ɗauka ciwon baya ne yake sa ta dafawa. A fom ta rubuta, "Tabon hannu, a wuri ɗaya, a kowace shimfiɗa. Kada a wanke." Ta gama rubutawa ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska da hannu ta dawo.

Ranar kwana na tara ta kai ta goma sha ɗaya. Takarda ce ruwan ƙasa mai kauri, irin wadda ake naɗe kaya a kanti. Ita kaɗai ta rage tsakaninta da wasiƙar. Ta haska mata duk fitilun da ke ɗakin aikin, ba wanda ya ratsa. Ta ƙwanƙwasa da farce a hankali: gefen dama a manne yake gam, gefen hagu kuwa yana amsawa kamar akwai iska a ƙasa. Ta ajiye wuƙar, ta ce sai gobe, sai Effie tana wurin.

Da safe suna shan shayi da burodi da maɗi ta gaya mata.

"Yau za ki sa rigar kirki, Yaya. Gefe ɗaya zai ɗagu. Wataƙila in ga sunana."

Effie ta ajiye kofinta. Ta daɗe tana murza gefen faranti.

"Auta, akwai maganar da zan gaya miki. Kada ki katse ni, don in kin katse ni ba zan iya ƙarasawa ba."

"Ina ji."

"Ban karanta wasiƙar nan ba."

Delphine ta dube ta.

"Shekarata takwas, ajina biyu. Rubutun allo kawai na sani. Na Baba kuwa kamar kaza ta yi tono. Inna ta miƙo min, ta tsaya a kaina da cikinki a gaba, tana ta goge hannu a jikin riga. Na duba, na ga sunanta a sama, na gane. Daga nan ban gane komai ba. Na ɗaga kai na ga yadda take kallona. Sai na buɗe baki na fara faɗa. Yana lafiya, kifi ya yi albarka, zai dawo kafin ƙanƙara."

"Me ya hana ta kai wa wani ya karanta?"

"Inna? Ta kai maganar mijinta gidan maƙwabta? Kin manta ta ne? Ta liƙa ta a bango, duk Lahadi sai ta ce in sake karanta mata. Ni kuma na haddace ƙaryata, ina bin layi da yatsa. Na ce in Baba ya dawo zai gyara min, a yi dariya. Sai bai dawo ba. Da sanyi ya wuce ta dama talge ta rufe ta, don ba ta iya kallonta kuma ba ta iya ƙona ta. Lokacin da na iya karatun kirki, takarda uku ce a kai."

"Sunan fa?"

Effie ta kawar da kai.

"Yaya, sunan fa?"

"Malamarmu ce. Malama Delphine. Tana da wani jan mayafin wuya, ni a lokacin ban ga mace mai kyanta ba. Inna ta ce, bai ce komai a kan cikin ba? Me zan ce mata?"

Delphine ta tashi ta kai kofinta wurin wanke-wanke, ta wanke shi, ta sake wanke shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ba ta taɓa ji a kan yayarta ba. Matar nan ce ta goya ta, ita ta yi mata kitso, ita ta yi aikin kamfanin kifi ta tura ta makaranta. Kuma ita ce ta zauna da wannan magana shekara hamsin da takwas tana cin abinci da ita a teburi ɗaya.

"Abu ɗaya ya bar min," ta faɗa ba tare da ta juyo ba. "Ɗaya tak. Ashe shi ma naki ne."

"Na sani."

"Inna ta mutu ba ta sani ba?"

"Ta mutu tana ce min in karanta mata. A asibiti ma sai da na faɗa mata ita da ka." Effie ta ture farantin gefe. "Ba don ke kaɗai na yanko katakon nan ba, Auta. Idona yana tafiya. Ina so in ji abin da ya ce wa matarsa, wanda na hana ta ji."

Suka shiga mota suka tafi. A ɗakin aiki Delphine ta ajiye wa Effie kujera kusa da teburi, ta wanke hannu, ta saita na'urar ɗaukar hoto, ta ɗauki wuƙar ƙashin. Ta zura wuƙar ta gefen hagu. Takardar ta ɗagu da ɗan sauti, ta ci gaba da ɗaguwa, sannan ta tsaya cak a inda talgen Inna ya kama. Inna ta shafa shi da kauri a dama, ya ƙare mata kafin ya kai hagu. Abin da ya buɗu rabin shafi ne a karkace, kowane layi farkonsa a fili, ƙarshensa a rufe.

Ga rubutun nan. Manyan haruffa masu jingina da juna, an danna fensirin har ya shiga jikin takarda. Delphine ta tsaya kallo, ta ma manta da karantawa. Launin ba ɗaya ba ne. Kalma ta fara da shunayya mai duhu, ta biyu ta ɗan koɗe, ta uku ta koma toka-toka, sai kuma duhun ya dawo. Kowane duhu wurin da ya kai fensirin bakinsa ne. Ta ƙirga ba tare da ta yi niyya ba: sau goma sha huɗu.

"Kin yi shiru," in ji Effie. "Babu komai, ko?"

"Akwai."

"To karanta mana, ko sai na yi miki tuni?"

Ta karanta daga sunan Inna da ke sama, tana tsayawa a inda kowane layi ya shige ƙarƙashin takardar.

"Triffie, ina fata wannan ta same ki... Kifi ya yi ƙaranci bana, gishiri kuma... Hannuna na hagu ya kumbura amma kada ki... Ki sa a gyara rufin kafin... Effie ta karanta miki. Ki ce ta bi a hankali, kada ta ji tsoron..."

Effie ta kama gefen teburin.

"Sake wannan."

"Effie ta karanta miki. Ki ce ta bi a hankali, kada ta ji tsoron..."

"Ya san ni ce," in ji Effie, hawaye yana bin fuskarta. "Ya san ba zan iya ba. Wayyo Baba."

Saura layi ɗaya. Delphine ta riga ta gan shi tun ɗazu, ta ƙi kai bakinta gare shi. Yanzu ta karanta.

"Abin da ke cikinki, in mace ce ki sa mata..."

A nan talgen ya fara. Daidai bakinsa akwai karan harafi ɗaya da ya leƙo, miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, irin wanda rabin haruffa da shi suke farawa. Shi ne mafi duhu a duk shafin. Kalmar da ke gabansa ba ta koɗe ba tukuna, ba ya bukatar lasa. Amma ya tsaya, ya sake kai fensirin bakinsa kafin ya rubuta sunan, don ya fito sosai.

Ta daɗe a sunkuye. Ashe ya san da ita. Ya zauna a wani wuri mai sanyi da kumburarren hannu ya yi tunaninta, ya zaɓar mata suna, kuma sunan yana nan a ƙarƙashin takardar da ba ta kai kaurin farce ba.

"Zuba ruwan," in ji Effie.

"Ba haka ake yi ba."

"To yi yadda ake yi. Sunanki ne."

"Talgen nan sai ya sha danshi na kwata ɗin awa kafin ya saki. Fensirin kuma daƙiƙa goma sha ɗaya yake jira. In na yi sa'a, zanen tokar zai ɗan rage in karanta. In ban yi sa'a ba, tabo zan samu. Wataƙila ma tun ranar da Inna ta shafa talgen ya narke, ban sani ba."

"To ki gwada mana, me za ki rasa?"

"Danshi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, Yaya. Zai hau sama. Layin da ke samansa naki ne."

Effie ta share fuska da bayan hannu.

"Na ji nawa, ya ishe ni. Kin ɗauki hoto, ko ba ki ɗauka ba? Ni ko ganinsa ba na yi. Wa kike ajiye wa? Ba ki da ɗa, nawa kuma ba su san inda Sibley take ba. Na cinye miki suna shekara hamsin da takwas, ki bar ni in biya da layi ɗaya. Don Allah, Auta."

Delphine ta ɗauki tsinke mai auduga. Ta tsoma shi a ruwa, ta matse a jikin takardar tsotse ruwa, ta kawo shi saman wurin. Sau nawa ta ga mutane a wannan hali a gaban teburin nan, tana yi musu magana a natse kamar mai ba da magani? Ba ta taɓa sanin haka abin yake ci ba. Tana so. Duk jikinta yana so. Kwata ɗin awa kaɗai, ta ji yadda ubanta yake kiranta.

Ta dubi layin Effie. A kalmar "hankali" ma ya lasa fensirin. Hoto zai riƙe siffar harafin, amma ba zai riƙe abin da ya sa shi duhu ba. Ta dubi shimfiɗun nan goma da ta jera a kwali, kowacce da tafin hannun matar da ta yi shekara ashirin da takwas tana dafa wurin ba ta ɓare ba.

Ta ajiye tsinken a faranti.

"Ba zan yi ba."

"Taurin kanki dai."

"Na gada."

Ta yanko farar takarda mai laushi ta sa tsakanin wasiƙar da murfinta don kada su gogi juna. Ta jawo fom ta cika sauran guraben: fensirin lasa, rabin shafi a buɗe, rabi a manne, tabon ruwa sabo a kusurwar ƙasa. A layin ƙarshe ta rubuta kalmominta huɗu. Ba su taɓa yi mata nauyi kamar yau ba. A ƙasa akwai gurbin sunan wanda ya duba. Ta ɗan tsaya da alƙalami a sama, sannan ta sa hannu yadda ta saba.

"Kin rufe?" in ji Effie.

"Tukuna."

"To sake karanta min. Daga farko. A hankali."

Delphine ta jawo kujerarta kusa da ta yayarta har kafaɗunsu suka haɗu. Ta fara daga sunan Inna, ta bi kifin da gishirin da hannun da rufin, tana tsayawa a bakin kowane layi. Da ta zo na ƙarshe ta ce, "In mace ce ki sa mata," ta tsaya a nan.

"Delphine," in ji Effie, can ƙasa, kamar yadda take faɗa duk Lahadi.

"Na'am, Yaya," in ji Delphine, idonta a kan karan harafin.